Daɓen da Dada ta Roƙa

Har na yi wayo ban san ana cin wake ba tare da haƙori ya gamu da yashi ba. A gidanmu na Dawaki, in an sauke tukunya kowa ya san yadda zai tauna, a hankali, yana lalube da harshe. Ba wai Dada, mahaifiyata, ba ta iya gyara ba ne. Duk Gombe ban ga macen da ta kai ta iya riƙon faifai ba. Waken namu ne daga cikin yashi ake tsamo shi, shi kuwa yashi duk yadda ka kore shi sai ɗan kaɗan ya laɓe.

Babanmu ma'aikacin kamfanin gurzar auduga ne. Abin da na riƙe na zamanin aikinsa bai da yawa: jiniyar safe da ke tashin unguwa, da farin gashin audugar da ke maƙale masa a gira da gemu in ya dawo, sai ka ce tsoho alhali bai tsufa ba, da kuma tarin da ya kwaso a can. Kamfanin ya fara da rufewa da rani ya buɗe da kaka, daga baya ya rufe bai ƙara buɗewa ba. Aka sallame su, aka ce za a neme su. Tarin ne kawai bai sallame shi ba, ya biyo shi gida ya zauna da shi har ya kai shi kushewa. Ya bar Dada da mu huɗu a ɗakin haya, a wani gida da kwari ke cin bayansa kowace damina.

Da ta fita takaba, dangi suka ce a rarraba mu. Ta ce ba ta haifi 'ya'ya don a raba su kamar goron suna ba. Maƙwabciyarmu ce ta nuna mata hanya, wata Batangaliya Kirista wadda mijinta ma sallamammen kamfanin ne. Mu Mama muke ce mata, ita kuma tana ce wa Dada Adda, wato yaya. Wata safiya ta leƙo ta ce, “Adda, ɗauko faifai da tsintsiya ki biyo ni. Kuka ba ya cika tukunya.” Ta kai ta kasuwar hatsi.

Wanda bai san kasuwar a wancan lokacin ba sai na ɗan zana masa. Fili ne fetal, yashi har idon sawu, irin yashin garin nan da ke cinye takalmi. Motoci na kawo wake da masara da dawa da gyaɗa daga ƙauyuka, manyan motoci kuma na kwasa zuwa kudu. Kafin a ɗura a buhun tafiya sai an gyara, gyaran nan kuwa aikin mata ne. Su sheƙa, su bakace, su tsince tsakuwa da ɓawo, tun hantsi har la'asar. Ladan aikin ba abin a faɗa ba ne, ba ya kai mutum ko'ina. Abin da ya riƙe matan a wurin wani abu ne daban.

Akwai al'adar da ba wanda ya san wanda ya kafa ta: duk ƙwayar da ta faɗi cikin yashi ta bar hannun mai kaya, ta zama ta mata. In ana awo mudu ya yi tozo ya zube, in buhu ya huje a kafaɗar ɗan dako, in basilla ta kuskure wajen ɗinki, duk abin da ya taɓa ƙasa ya tafi ke nan. Ba wai 'yan kasuwar waliyyai ba ne. Raba wake da yashi aikin yini ne, ba Alhajin da zai tsugunna yana tankaɗe ƙasa. Saboda haka da la'asar, in an ɗinke buhun ƙarshe, kowace mace ta share gaban wanda ta yi wa aiki, ta tara, ta zuba a rariya. Sharar yamma muke ce mata, kuma da ita aka raine mu.

A gida Dada za ta baje abin a tabarma mu kewaye ta. Wake gefe guda, masara gefe guda, gyaɗa kuwa ba ta kai wa gefe, a bakinmu take ƙarewa, sai dai mu sha ranƙwashi. Daga abin da ke cikin tukunyarmu za ka san abin da ke tashe a kasuwa. Ranar da ba wanda ya yi yawa sai ta haɗa su duka ta kai niƙa, a yi wani tuwo da ba shi da suna. Ƙanena ya sa masa “taron dangi”.

Abu guda ne ba a yi wa Dada wasa da shi: ka kira sharar nan sadaka. Akwai wani Alhaji da ta fi daɗewa tana yi wa aiki, dattijo mai yawan barkwanci. Ranar da ya ji ƙanwata na kwance da ƙyanda, ya ciko mudu da wake mai kyau ya miƙo mata. Ta ko kalli mudun ba ta yi ba. Ta ce, “Alhaji, mayar da kayanka buhu. Ni ba bara na zo ba.” Ya yi dariya ya mayar. Amma yinin ranar hannunsa ya yi ta rawa wajen awo, kowane mudu sai ya zubar da kusan tafi guda, yana ta faɗin tsufa ya kama shi. Da yamma Dada ta share abinta ta ɗaura a ka, ba wanda ya ce wa wani na gode. Sai da na girma na gane aikin da yashin nan yake yi. Shi ne ke shiga tsakanin mai bayarwa da mai karɓa, ya rufa wa kowa asiri.

Kada wani ya ɗauka daɗi ake ji. Na yi aikin da hannuna, don bayan na gama kwalejin horon malamai na daɗe ina jiran a ɗauke ni aiki, faifai na riƙe kusa da Dada. Da rani yashin ya yi zafi har ya ƙona mutum ta cikin zani, ba inuwa sai ta buhu. Da damina ruwa ya gangaro daga tudu ya ratsa tsakiyar kasuwa, ya kwaso duk ƙazantar gari ya ajiye mana. A cikin wannan caɓi ake tsugunne. Ƙafafun Mama sun ci ruwa har tsakanin yatsunta ya tsattsage, ta ɗaure da tsumma ta ci gaba. Wata yarinya mai ciki ta zame da kwano a ka, cikin bai tsaya ba. Ita kuma Dada duk sanda ƙura ta sa ta tari sai in ga ta dafe ƙirji. Na san wanda take tunawa.

'Yan siyasa kuwa mun saba da su kamar yadda aka saba da zazzaɓin damina. Lokacinsu na yi za su shigo da jiniya da samari masu jajayen idanu a bayan mota, a yi wa maza jawabi a gaban ofishin kasuwa, a jefo wa mata atamfa da sabulu ta saman kai. Mu yi guɗa, su tafi. Mama ta tara atamfofi masu fuskokin mutane iri-iri, ta ce da su take shimfiɗa wa jikokinta, su yi fitsarinsu a kan wanda suka ga dama.

Sai ga wani ya zo daban. Matashi ne, ɗan gari, an ce uwarsa ma da sana'ar ƙosai ta yi masa karatu. Da ya gama da maza bai shiga mota ba. Ya tako cikin yashi da takalminsa mai sheƙi har inda muke, ya zauna a kan buhu, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ya ce, “Iyayena, ku fa? Me kuke so a yi muku?”

Tun da aka kafa kasuwar ba a taɓa yi wa matan wannan tambaya ba, ba wadda ta tanadi amsa. Aka fara zungurin Dada, don ita ce mai baki a cikinsu. Ta miƙe ta gyara ɗaurin zani, ƙaiƙayi duk a gashin idonta.

Ta ce, “Ɗana, ba mu son atamfa, mun gode. Dubi ƙafar ƙanwata.” Ta sa Mama ta kwance tsumman. Na ga ya kawar da kai, ya sake dawo da shi ya duba sosai. “Shekara da shekaru a cikin taɓo muke zaune kamar agwagi. In Allah Ya ba ka, ka yi mana rumfa, ka yi mana daɓe na siminti. Mu ma mu zauna a wuri mai tsabta kamar mutane.”

Guɗar da aka yi ranar har 'yan dako sai da suka ajiye buhu suka juyo. Ni ma na yi, har maƙogwarona ya dushe. Ba mace ɗaya a wurin da ta ga aibin maganar. In akwai wadda daga baya ta ce ta hango, ƙarya take yi, ina wurin.

Dada ta ɗauki takarar yaron nan kamar ita ta haife shi. Gida-gida ta bi a Dawaki, har gidajen da ba ta shiri da su. Mama ta kai maganar wa matan cocinsu. Ranar zaɓe suka tsaya a layi cikin rana ba ci ba sha. Ya ci. Muka ce to, an gama, sai kuma wani zagayen in ana raye.

Abin da har yau in na tuna nake jin ɗaci a bakina shi ne, ya cika alkawari. Duk maƙaryatan da suka wuce sun bar mu yadda suka same mu. Mai gaskiyar ne ya tashe mu. Ba a rufa shekara ba motocin tsakuwa suka fara shigowa. Aka kwashe yashin nan kaf, aka zuba kankare, aka kafa ƙarafa aka rufa kwano, aka ja magudanar ruwa. Ranar buɗewa aka ajiye wa Dada kujera a sahun gaba, ya kira ta uwarsa a lasifika. Mata suka tuɓe takalma suna taka daɓen, sumul, sanyi kamar randa. Mama ta durƙusa a kai ta yi addu'a tana hawaye. Dada ta dawo gida tana ta shafa tafin ƙafarta, ta ce mini, “Malama, kin ga? Yau ko wanke ƙafa ba sai na yi ba.” Malama take ce mini in tana cikin nishaɗi, tun ban sami aikin ba.

Ranar da aka koma aiki, yini muka yi a inuwa. Da la'asar Dada ta ɗauko tsintsiyarta ta nufi wurin awon Alhaji kamar kullum. Waken da ya zube yana nan a kan siminti, fari tas, ko ƙura babu. Kafin ta kai, babban ɗan Alhaji, wanda ya fara karɓar harkar daga hannun uban, ya sa ƙafa ya tattaro shi wuri guda, ya kwashe da kwali ya juye a buhu. Ba da mugunta ya yi ba, ko kallonta bai yi ba. Wake ne mai tsabta ya faɗi a wuri mai tsabta, ya mayar da shi inda ya fito.

Dada ta tsaya da tsintsiya a hannu. Ta ce, “Yaro, wannan ai ya taɓa ƙasa.”

Ya ce, “Wace ƙasa, Dada? Ai babu ƙasa a nan.”

Ta juya ta dubi Alhaji. Dattijon ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Me zai ce? In ya sa hannunsa ya yi rawa yanzu, kowa zai ga abin da ya zubar, kowa zai ga wadda ta ɗauka. Ranar, abin da muka kawo gida bai rufe gindin rariya ba.

Ba wanda ya tashi ya yi shela cewa an soke sharar yamma. Kawai dai babu ita. Ladan aikin nan da ba ya kai mutum ko'ina, shi kaɗai ya rage, ga shi yanzu ana cire wani abu a ciki wai na tsabtace rumfa. Muna zaune a inuwa, ƙafa a bushe, ciki ba komai. Matan da suka ɗaga Dada sama suka fara juya mata baya. In ta iso a yi shiru. Wata ta ce a gabanta, “Ga uwar ɗan majalisa nan, a ba ta wuri ta zauna a simintinta.” Na tashi zan rama, Dada ta danne mini gwiwa. Daga ranar ta rage cin abinci, ta ce wai ba ta jin yunwa.

Mama ce ta ce a je a same shi, tunda ya ce uwarsa ce. Muka tafi mu uku gidansa a GRA. Ƙofar cike da jama'a, kowa da tasa. Wani matashi da waya biyu a hannu ya yi ta ce mana, “Oga yana mitin, ku jira.” Muka jira a gindin katanga har inuwa ta juya. Da ya fito ya hango Dada, ya gane ta, ya taho da fara'arsa ya rusuna ya gaishe ta. Wannan kam ba zan hana shi ba.

Dada ta ce, “Ɗana, alfarma na zo nema. Ka sa a fasa mana daɓen nan, ko wurin awo kaɗai. A mayar da yashi.”

Ya ɗauka bai ji daidai ba. Ta maimaita. Mutanen da ke kewaye da shi suka fashe da dariya, wani ya ce, “Talaka ke nan, ka yi masa gata ya ce ka mayar da shi taɓo.” Shi bai yi dariya ba, amma na ga bai gane ba. Dada ta yi ƙoƙarin yi masa bayani, maganar ta ƙi tsayuwa. Yaya za ka gaya wa mai takalmi mai sheƙi cewa abincinka a cikin datti yake, kuma kai da bakinka ka roƙa a share dattin?

Ya ce, “Dada, ke fa kika roƙa. An kashe dukiya a wurin nan, an zo an ɗauki hoto, ana nuna shi ko'ina. In na ce a fasa ai sai a ce na haukace. In abinci ne matsalar, wannan mai sauƙi ne.” Ya juya ya yi magana, aka fito da rabin buhun wake daga cikin gida aka dire a gabanta, a gaban duk mutanen nan.

Ban taɓa ganin fuskar mahaifiyata kamar ranar ba. Ta dubi buhun, ta dube ni. Ta san abin da muka baro a gida, ta san tun jiya ba a ɗora tukunya ba. Ta sunkuya ta ce, “An gode, Allah Ya ƙara arziki.” Muka kinkimo shi ni da Mama. Haka muka kai shi Dawaki. Mu mun ci waken nan, ba yashi ko ƙwaya. Ita ko loma ba ta kai bakinta ba.

Abin da suka yi bayan wannan, duk wanda na ba labari a waje sai ya ce wauta ce. Wataƙila. Amma ga wanda ya tashi a kasuwar, lissafin a miƙe yake. Abin da ya faɗi cikin yashi na mata ne. An kwashe yashi, haƙƙi ya tafi. To a dawo da yashi mana. Wata safiya Dada da Mama suka gangara kwarin bayan gidanmu, kowacce ta ciko kwano da yashi, suka ɗora a ka har kasuwa. Ba a ɓoye suka yi ba, gari ya waye sarai, suna gaisawa da mutane a hanya. Suka baza shi a wurin awon Alhaji, Dada ta bi da tafin hannu ta daidaita, suka koma suka zauna da faifansu.

Aka fara awo, wake ya fara zuba a ciki. Ɗan Alhaji ya duba ƙasa, ya duba su, sai ya ɗaga murya. Kafin ka ce me, an taru. Aka kira shugaban kasuwa. Ya tambayi Dada ko ita ta zuba, ta ce ita ce, ta kuma faɗi dalili ba tare da ta sunkuyar da kai ba.

Shugaban ya ce, “Dada, da can Allah ne Ya ajiye yashin. Yanzu ke kika kawo shi don kayan mutane su faɗa ciki ki kwashe. Wannan ba shi da wani suna sai sata.”

Sata. Matar da ta ƙi mudun kyauta ranar da 'yarta ke kwance. Na yi ta ihu ina faɗin abin da ya zo bakina, ban ma san me na ce ba, sai da Mama ta rufe mini baki da hannu. Alhaji ya taso da sandarsa yana cewa a bar maganar, shi ya yafe. Yafewar nan ta fi zagin ciwo, don ba a yafe wa mutum sai ya yi laifi. Aka yanke cewa su share yashin, kuma kada a ƙara ganinsu a rumfar. Dada ta ɗauki tsintsiyarta ta share shi tas, ta tara a kwano. Waken da ke ciki ta tsince ɗaya bayan ɗaya ta zuba a tafin ɗan Alhaji. Sannan ta ɗora kwanon yashin a ka muka fito.

Sauran matan ma ba su daɗe ba. Wuri ya yi sumul, ga rufi, ga wutar lantarki, sai aka kawo injunan gyaran hatsi aka kafa. Abin da mata ke yini suna yi, inji ya yi kafin a sha ruwa. Suka watse. Wasu suka koma fasa dutse a bayan gari, wasu wanke-wanke a gidajen GRA, wasu na gan su da idona a bakin masallaci da hannu a miƙe, mu haɗa ido mu yi kamar ba mu san juna ba. Mama ta koma ƙauyensu wajen ɗanta. Ranar tafiyarta ta rungume Dada ta ce, “Adda, ba laifinki ba ne. Ƙafata kika duba.” Dada ta ce, “Ƙafar dai ta warke ko?” Suka yi dariya, suka yi kuka. Ba su ƙara ganin juna ba.

A ƙarshe na sami aikin koyarwa, na yi aure, muka kama gida a Arawa, na ɗauko Dada. Na ce wahala ta ƙare, ta zauna ta huta. Ashe ban san uwata ba. In na kai mata abinci sai ta ɗan taɓa ta ture. In na matsa ta ce, “Me na yi yau da zan ci?” Ta fara ramewa a gabana. Wanki ya gagare ta, ƙafa ta ƙi, idon ma ya fara rauni. Aikin da hannunta ya sani guda ɗaya ne. Na sayo wake na ba ta ta tsince, ta baza a faifai ta bi da yatsu, ta bi, ta sake bi. Na inji ne, ba abin cirewa. Ta miƙo mini ta ce, “Wannan ba ya bukatata.” Ta juya ta fuskanci bango.

Washegari kafin in tafi makaranta na zagaya bayan gida inda magina suka bar tarin yashi. Na ɗebo tafi guda da 'yan tsakuwoyi, na zuba a cikin waken na cuɗanya. Na kai mata ina ɓata rai, na ce, “Dada, dubi abin da mutumin nan ya sayar mini, duk datti.” Ta tashi zaune. Ta sa hannu, na ga yatsunta sun tsaya a kan tsakuwa. Ta ce, “Miƙo mini rariya.” Da na dawo na tarar da waken fes a kwano, tana ta mitar 'yan kasuwar zamani marasa tsoron Allah. Ranar ta cinye abincinta har ta nemi ƙari.

Haka muka ci gaba. Kullum in zagaya bayan gida, kullum in shigo ina zagin mai waken da bai ji ba bai gani ba, ita kuma tana taya ni. Maigidana ya ce mun mayar da gidan gidan wake, yara suka fara kukan haƙori. Na ce su tauna a hankali, ba wanda yashi ya taɓa kashewa. Ina jin daɗin dabarata, ina ganin na iya.

A daminarta ta ƙarshe, wata safiya aka tashi da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na tsaya a bakin ƙofa da lema ina duban bayan gida, tarin yashin ya zama taɓo. Sai na ji ta kira ni daga ɗaki. Na shiga. Ta laluba ƙarƙashin matashinta ta ciro wani ɗan ƙulli a tsumman atamfa, ta kamo hannuna ta danƙa mini. Na kwance. Yashi ne da tsakuwa, busassu, na jiya da na shekaranjiya.

Ta ce, “Ungo, Malama. Kada ki fita cikin ruwan nan. Zuba wannan, in na gama zan ajiye miki na gobe.”

Na kasa ɗaga kai. Na fita na zuba a waken, na cuɗanya, na kawo mata. Ban zagi kowa ba ranar, ita ma ba ta yi mita ba. Ta karɓi faifai ta fara tsincewa, ni kuma na zauna kusa da ita har ruwan ya tsagaita, na makara makaranta.

Kafin kaka ta shigo Dada ta rasu. Da muka zo kwashe shimfiɗarta, ƙullin yana ƙarƙashin matashi, ta ɗaure shi tsaf ta ajiye mini na gobe.